Kada Ka Hana Ƙashinka Abincinsa

Ɗana, na ji ana yaɗa cewa yawan cin nama da wake yana zaizaye ƙashi. Zauna in warware maka.

Maganar tana da tushe. Idan mutum ya ƙara cin furotin, wato sinadarin gina jiki, kalsiyam ɗin da ke fita a fitsarinsa yakan ƙaru. Da can masana sun zaci daga ƙashi yake tsiyaya, tunda kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. Daga baya bincike ya nuna furotin ɗin yana sa hanji ya ƙara tsotsar kalsiyam daga abinci, don haka yawancin abin da ya fita daga cikin ƙarin da ya shigo ne.

Shi ƙashi kamar katangar ƙasa yake, wadda magini ya cuɗa laka da ciyawa. Kalsiyam ke ba shi tauri, furotin ke riƙe shi kada ya tsage. Kusan rabin girman ƙashi furotin ne.

Mu nan ƙarancin abubuwan biyu ya fi damun mu. Tuwo safe, tuwo dare, miya ba ko kan kifi. A Jos, binciken da aka wallafa a 1999 ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai.

To, ka haɗa su a kwano ɗaya. Wake, awara, ƙwai da ƙuli-ƙuli su tafi tare da kindirmo, zogale, miyar kuka da ƙananan busassun kifin da ake taunawa har ƙaya. Baligi na bukatar wajen giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, tsoho ma fiye da haka. Rage gishiri da dunƙule, domin su ma suna korar kalsiyam ta fitsari. Ka yi tafiya, ka sha rana. Mai ciwon ƙoda kuwa, sai ya nemi shawarar likita tukuna.

Ƙashi yakan gama cika ne wajen shekara 30, daga nan sai tattali. Mata kuma sukan yi saurin rasa shi bayan ɗaukewar al'ada. Saboda haka idan an raba nama a gida, kada ka bar mahaifiyarka da romo kawai. Karayar ƙugu a tsufa takan kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya yi maka albarka.