Ƙuri'a Shaida Ce, Ba a Shaida da Ji-ta-ji-ta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mu 'yan kasuwa ne. Babu wanda zai je kasuwar Iware ya biya kuɗin sa don kawai dillali ya ce ai mai ƙiba ne. Sai ya gani, ya shafa, ya duba haƙora. Ba a cinikin biri a sama. To don me idan aka zo zaɓen wanda zai riƙe mana asibiti da makaranta da harajin kasuwa har shekara 4, muke barin 'ya'yanmu da abin da wani ya turo musu a WhatsApp?

Malamanmu suna karantar da mu cewa ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa sai da sani. A aya ta 6 ta Suratul Hujurat, Allah Ya umarce mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Masu tafsiri sun ce ta sauka ne lokacin da aka aiki wani ya karɓo zakka wurin Banul Musɗaliƙ, ya dawo ya ce sun hana, alhali ba su hana ba. Saura kaɗan a yaƙi Musulmi a kan labarin da ba a tantance ba. Wannan fa a zamanin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam. Ina ga zamanin da kowa ke da rediyonsa a aljihu?

Mu duba lissafi. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, kusan kashi 40 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. Amma ranar 25 ga Fabrairu waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wasu fushi ne ya zaunar da su, wasu kuwa rashin sani ne, kuma wannan shi ne ciwonmu a nan Abbare.

Da yawa cikin yaran shagunanmu a Kano ko Katsina ko Sakkwato suka yi rajista. Mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. Ranar zaɓe an hana zirga-zirga, yaro yana Jalingo, katinsa yana cewa Kano: shi ke nan, an yi ba shi. Babu wanda ya gaya masa cewa lokacin da ake rajista yana iya zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukumar Jalingo ya nemi a maido da sunansa mazaɓar Abbare Yelwa. Wani kuma an ce masa katinsa ya daina aiki, sai ya je ya sake sabuwar rajista. Katin dindindin ba ya ƙarewa, rajista sau biyu kuma laifi ne a doka. A 2022 hukumar ta soke sabbin rajista sama da miliyan 2.7, cikinsu har da na waɗanda suka maimaita.

Matasa nawa ne cikinmu suka san cewa tun 31 ga Mayu 2018, da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, ɗan shekara 25 zai iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai? An buɗe ƙofa, masu ita suna waje suna riƙe wa wasu fasta.

Saboda haka, Alhaji, yaron shagonka amana ne. Ka tambaye shi yau bayan an idar da salla: ina katinka, wace rumfa ce a jiki? Ka ba shi rabin yini ya je ya gyara, ciniki ba zai gudu ba. Iyaye mata, 'ya'yanmu mata ma suna da wannan haƙƙin, kada a bar su a duhu.

Ku kuma matasa, matambayi ba ya ɓata. Saƙo ya zo, ku tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ba amsa, ya mutu a wayarku. Ɗan takara ya zo, ku tambaye shi me ya yi a baya, kada ku tsaya ga me ya kawo a leda. Jalingo gari ne na Musulmi da Kirista, na Mumuye da Fulani da Jukun da mu. Saƙon ƙarya guda kan addini ko ƙabila ya isa ya ƙone rumfunan da muka yi shekaru muna ginawa.

Wannan masallaci ba shi da jam'iyya, ba kuma za mu ce ku zaɓi wane ba. Abin da muke cewa, ku sani kafin ku dangwala, domin za a tambayi yatsan nan ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya ba mu shugabanni adilai, Ya zaunar da Taraba da Nijeriya lafiya. Amin.