Haƙƙin Ƙishirwa da Ruwan da ke Ƙarƙashin Madarunfa

Tafkin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar zuwa iyakar Nijeriya. Da damina Gulbin Gabi ne ke cika shi, amma rayuwar kwarin ba ta tsaya ga ruwan da ido ke gani ba. Ambaliyar Gulbin Maraɗi tana nutsewa cikin rairayi, ta kwanta a ƙasa, daga nan ne rijiyoyin fadama da saiwoyin kanya da tsamiya ke sha har ƙarshen bazara. Gawo shi ne babban shaida: yana fid da ganye da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, domin saiwarsa ta isa wannan ruwa. Makiyayi ya sassaɓo reshe, tumaki su taru a gindi.

Tambayar ita ce, idan ruwan ya gaza, wa za a fara ba? Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman yankin ke karantarwa, ya fifita ƙishirwa a kan ban ruwa, kuma bai taƙaita ta ga ɗan Adam ba. Matafiyin da ruwan butarsa ba zai ishi alwala da shayar da dabbarsa ba, an umurce shi ya shayar da ita, ya yi taimama. Idan tsarkin salla da ruwa ya ja da baya saboda ran jaki, da wuya a ce riba ta fi ƙarfin ran tarwaɗa, ko na tsuntsayen da ke sauka tafkin bayan sun ƙetare Sahara.

Sai batun harimi, wato kewayen rijiya da aka hana a taɓa. An ruwaito cewa Imamu Malik bai yanke masa adadin kamu ba. Ma'auninsa shi ne duk abin da zai cutar da ruwan. Wannan ƙa'ida ta dace da ruwan ƙarƙashin ƙasa ƙwarai, tunda ruwan bai san iyakar gona ba. Injin da ke zuƙo ruwa a lambunan zogale na Jiratawa daga tulu ɗaya yake ɗiba da gawon bakin gulbi. Madatsar Jibiya a jihar Katsina ma, wadda ta tare kogin Gada, ta rage ambaliyar da ke ciyar da kwarin, duk da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa tsakanin Nijar da Nijeriya. A bisa ma'aunin Malik, harimin tafkin ya tsallaka iyaka.

Masu lambu suna da hujja: iyali ke ci, kuma raya ƙasa ibada ce. Sai dai lambu ana iya sauya masa wuri ko rage masa sha, tsohon kurmi kuwa idan ruwa ya sauka ƙasa da saiwarsa, shekara hamsin ba ta maido shi. Saboda haka wurin da ba shi da madadi shi ya cancanci a fara karewa, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina.

Madarunfa ta saba da keɓewa, domin kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayen tafkin sun daɗe da sa wa wurin kwarjini. Nijar ta miƙa dajin Madarunfa da tafkin da kaburburan ga jerin share fage na UNESCO a 2006, aka kuma sanya tafkin cikin dausayoyin Ramsar a 2019.