Maharbi da Karensa

A ƙasar Ingila akwai wani tsuntsu mai dogon baki, mai kwanciya cikin busasshen ganye a ƙarƙashin itatuwa, ana ce da shi wudkok. Doka ta yarda a harbe shi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Janairu kaɗai. Irinsa na Amurka ma a kaka ake harbinsa. In bazara ta yi, maharbi yakan fita da karensa ba bindiga, domin horo. Kare ya shinshino tsuntsu, ya tsaya cik, ubangidansa ya zo ya duba, sa'an nan su wuce. Wani zai ce wannan ɓata yini ne. To, ɓata yini ne, ko kuwa akwai hikima a ciki?

Amsar tana kusa, a fadamun Haɗeja. Kogin Haɗeja yana fitowa daga ƙasar Kano, in ya yi ambaliya da damina sai ya bar tafkuna tun daga Baturiya har Nguru. Nan ɗinya da kirinjijiya suke zama, zabi da fakara kuma suna cikin ciyawar tudu. Da kaka sai baƙi su zo daga Turai, watau agwagin ruwa iri iri, sun ƙetare hamadar Sahara. Wajen Maris sukan ci su yi ƙiba, gama da wannan kitse za su koma gida su yi ƙwai. Na gida kuwa da damina suke ƙyanƙyasa.

Malaman fiƙihu sun ce horarren kare shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Gudu da cizo kowane kare ya iya. Tsayawar ita ce ake koya masa. Ashe abin da maharbi yake nema ga karensa shi ne ya ga nama, yana jin yunwa, ya kame kansa. In kuwa haka ne, yaya mutum zai nemi dabba ta yi abin da shi mai hankali ya kāsa? Wanda ya hori kare ya tsaya, amma shi ya ga uwa a kan ƙwai ya harbe ta, karensa ya fi shi horo.

Mai gardama zai ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma talaka mai iyali ba ya cin gobe. Maganarsa tana da nauyi, ba a yi wa yunwa ba'a. Amma kaza daga ƙwai take fitowa. In kowa ya sa ƙwai a baka, baɗi akurki zai zama wofi, talakan nan kuwa shi zai fara ji, gama mai kuɗi yana da kasuwa.

Ga kuma wani abu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, wuraren da tsuntsu yake sauka sun ƙuntata. A 2008 an sa fadamar Baturiya cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. Amma ma'aikacin daji ba ya iya tsaron kowane tafki. In maharbi yana shi kaɗai a bakin ruwa, ba mai ganinsa, zuciyarsa ce kaɗai mai tsawata masa.

Saboda haka ganin abu bai wajabta ɗaukarsa ba. Gwanin maharbi ya san lokacin harbi, ya san na sauke baka. Ranar da ya fita da kare domin horo, ya ƙidaya tsuntsaye ya dawo hannu banza, bai yi hasara ba, gama ya bar wa 'ya'yansa abin da za su farauta.