Fushin Yaro da Haƙurin Iyaye

Sau da yawa ana tsakiyar Misa sai yaro ɗan shekara 2 ya faɗi ƙasa yana birgima da ihu, uwa kuwa don kunya ta kai masa mari. Ina roƙonku, a dakata tukuna.

Jariri ba ya iya lallashin kansa. Goyo da muryar uwa ne suke kwantar masa da rai. Tsakanin shekara 1 da 3 yaro ya san abin da yake so, amma bakinsa bai kai ya faɗa ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai riƙe fushi, ba ya gama nuna sai bayan shekara 20. Ikilisiya ma ba ta ɗora wa yaro alhakin zunubi kafin ya yi hankali, wajen shekara 7.

Manzo Bulus ya lissafa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu (Galatiyawa 5), ɗan itace kuwa sannu yake nuna. Ku duba ko yunwa ce ko barci, ku fita da shi waje, ku tsawata masa ba da duka ba. Yaron da ake duka cikin fushi, fushi yake koya.

Ubangiji ya ba mu haƙuri. Amin.