Mai Wasa, Kunyar Wa Zai Ji?

Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Maroƙin sarki ba ya zambo ga mai ba shi doki da riga. To, amma mutumin da sana'arsa rawa da wasan kwaikwayo, wanda abincinsa ke fitowa daga sisi da sulen talakawa masu biya a bakin ƙofa, shi kunyar wa zai ji?

Labarin Hubert Ogunde ya isa a auna wannan magana. An haife shi a 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a ƙasar Yarabawa. Tun yana yaro kunnensa ya saba da gangunan garinsu. Ya yi malanta, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda. A 1944 ya shirya wasansa na fari a Ikko, ba da jimawa ba kuwa ya tuɓe kaki, ya bar albashi tabbatacce, ya kafa ƙungiyar 'yan wasa. A zamanin nan iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandali, don ana ganin abin zubar da mutunci ne, har ya zama da yawa daga cikin matan ƙungiyar matan aurensa ne. Haka suka riƙa bin gari gari a cikin babbar mota, da ganguna da kayan rawa.

Da yake jama'a ne iyayen gidansa, abin da ke damunsu shi ya zama abin wasansa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Ogunde ya mai da abin wasa, ya kawo shi Arewa, hukuma ta hana nuna shi a Kano.

Wani zai ce wannan ba jaruntaka ba ce, ciniki ne kawai, gama mai sukar Turawa a wancan lokaci ba ya rasa 'yan kallo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Jama'a ma ubangida ne, yana kuwa son yabo kamar kowane sarki, watakila ma ya fi, domin shi ba ya korar bara da baki, sai dai a wayi gari a ga kujeru ba kowa.

Saboda haka wasan da ya fi nuna halin mutumin nan shi ne na 1964, mai suna Yoruba Ronu, watau Yarabawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa. Kowa ya gane Awolowo da Akintola ake nufi, ba kuwa za a ce Ogunde bai ɗauki gefe ba. Amma tun daga sunan wasan faɗan ya wuce kan mutum ɗaya, ya hau kan kabilarsa duka, masu biyan kuɗin shiga, a kan rarrabuwa da cin amanar juna.

Gwamnatin Akintola ta hana shi wasa a duk Jihar Yamma, inda mafi yawan masu jin harshensa suke. Wannan kamar a hana manomi gonarsa ne. Ya amsa da wani wasa, Otito Koro, ma'ana gaskiya ɗaci gare ta. Sai a 1966, bayan soja sun karɓi mulki, aka ɗage hanin. Ya koma garuruwan da aka raba shi da su, bai kuwa bar sana'ar ba har ya rasu a 1990.