Komawa Aiki Ba Yaye Ba Ne

Ɗiyata, ki ba ni aron hankalinki. Hutun haihuwa ya ƙare, ko yana gab da ƙarewa, kuma na san irin maganganun da ke zuwa kunnenki. A wurin aiki ana ce miki ki fara saba wa yaro da madarar gwangwani tun yanzu. A gida ana cewa da zarar ya fara tafiya a kai shi wurin kaka, kowa ya huta. Ke kuma kina tsakiya, ga gajiya, ga tausayin ɗanki. Ko malamar makaranta ce ke a Maiyama, ko ma'aikaciyar jinya da ta fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ko ma'aikaciya a jami'ar Aliero, ko mai gumin shinkafa, ko mai tuwon sayarwa a kasuwar Jega, maganata ɗaya ce gare ku duka: kada takardar komawa aiki ta yanke wa ɗanki ranar yaye.

Kin san abin da addininmu ya shimfiɗa. Aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uba, ta kuma yarda a yaye kafin nan idan uwa da uba sun yi shawara sun amince. Ki lura da wannan sharaɗi na shawara, don za mu dawo kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma nan ta tsaya: nono zalla wata shida, ba ko ruwa, daga nan abinci tare da nono har shekara biyu ko fiye. Masu cewa nono ya zama ruwa bayan yaro ya shekara ba su faɗi daidai ba. Daga wata 12 zuwa wata 24, nono na ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata, ga kuma kariya daga zawo da ciwon haƙarƙari. Ranar da zazzaɓi ya hana shi cin komai, nonon nan ne kaɗai zai karɓa.

Abin da ya sa na damu haka shi ne halin da jiharmu ke ciki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma babu jihar da ta kai mu a lokacin. Jihar shinkafa da albasa da kifi! Ba banza ba ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama. Tamowa ta fi kama yaro tsakanin wata shida da shekara biyu, wato daidai lokacin da yake sauka daga nono zuwa akushi. Abin ba sabo ba ne. Tun a 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon kumburi da ta gani a jikin yaran Accra da aka cire daga nono aka bar su da kokon masara kawai. Namu kunun tsararo bai fi wancan koko ba.

To, yaya mai aiki za ta yi? Da farko ki san haƙƙinki. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki don ta shayar da ɗanta. Ki nemi wannan dama da ladabi, amma ki nema, kada kunya ta hana ki. Idan gida na kusa, a kawo miki shi, ko ki leƙa. Idan da nisa, ki koyi tatsa da hannu: ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa a kofi mai murfi wanda aka wanke da tafasasshen ruwa. A ɗaki mai sanyi nonon na kai awa huɗu lafiya lau, a firji kwana huɗu in ba a ɗauke wuta ba. Amma kin san zafin Maris da Afrilu a ƙasarmu, saboda haka a lokacin bazara ki sa kofin cikin kasko mai ruwan randa, a ba yaro da wuri. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. Bulumboti na da wuyar wankewa, kuma shi ne ƙofar zawo a gidaje da yawa.

Wannan wahala ta watannin farko ce. Da yaro ya shekara, abin ya yi sauƙi ƙwarai. Ya sha da asuba kafin ki fita, ya ci abinci da rana a hannun mai reno, ya sha da kin dawo, ya sha da dare. Nono ba zai ƙafe don kin wuni a ofis ba, jiki na daidaita abin da yake samarwa da yadda ake sha.

Yanzu ga wurin da nake so ki saurara da kyau. Yayen da muka gada na rana ɗaya ne. A tashi da safe a ce yau an yaye wane, a goya shi a kai shi gidan kaka, wani lokaci a wani gari, uwa ta shafa maɗaci ko barkono don kada ya sake marmari. Iyayenmu ba su yi haka da mugunta ba, kuma a da yaro kan kusa cika shekara biyu kafin a yi masa. Amma ki dubi abin ta wajen yaron. A wuni ɗaya ya rasa abincinsa, ya rasa abin da ke sa shi barci, ya rasa ƙirjin da yake gudu zuwa gare shi in ya tsorata, ya rasa fuskar uwarsa. Sai ya yi kwana da kwanaki yana kuka, ya ƙi cin abinci, ya rame, a ce ai rigimar yaye ce za ta wuce. Wani ta wuce, wani kuma daga nan sai gadon asibiti. Ɗan mai aiki kuwa ya riga ya saba da rashinki wuni guda, yana jiran yamma da ɗoki. Idan aka ƙwace masa yamman ma ba shiri, me aka bar masa?

Manomin albasa a Aliero ba ya fizge iri daga busasshiyar ƙasa da tsakar rana. Sai ya jiƙa wurin, ya cire a hankali da saiwarsa, ya dasa, ya bi shi da ruwa har ya kama. Ki yi wa ɗanki haka. Ki fara da barin sha ɗaya, wanda bai dame shi sosai ba, ki maye gurbinsa da abinci. Ki jira mako guda ko fiye, jikinki da nasa su saba, sannan ki bar wani. In bai nema ba kada ki ba shi, in ya nema da gaske kada ki kore shi. Ki gajarta shan, ki ɗauke masa hankali da wasa ko fita ƙofar gida. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi na jin magana, ki ce masa sai dare, kuma in dare ya yi ki cika alkawari. Na kwanciya barci shi ne na ƙarshen tafiya. Duk wannan zai iya cin wata biyu ko uku, kuma ke ma kin tsira daga kumburin nono da zazzaɓin da cirewar gaggawa ke jawowa.

Ki zaɓi lokaci. Kada ki fara yana ciwo, ko yana haƙori, ko a makon da aka sauya mai reno, ko a tsakiyar bazara lokacin ƙyanda da zawo. Kada kuma ki haɗa shi da makon da kika koma aiki.

Abin da zai gaji nono dole ya zama mai nauyi. Garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa bai fi ƙarfin gida ba: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa tare. A dama shi da kauri, yadda ba zai zube daga cokali ba. Ki ƙara masa ƙwai, da garin busasshen kifi, da zogale, da kabewa, da wake, da ɗan manja. Tsohuwar maganar nan cewa ƙwai na sa yaro sata ta cuci yara da yawa, ki bar ta. Ya ci sau uku ko huɗu a wuni, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a kwanonsa shi kaɗai, don in aka haɗa shi da yayyensa ba za ki san abin da ya shiga cikinsa ba. Madarar shanu kuwa sai an tafasa.

In ciki ya shiga kina goyo, kada tsoro ya sa ki cire shi a daren. Nono bai zama guba ba, kuma mai lafiyayyen ciki na iya ci gaba tana ragewa sannu a hankali. Ki je awo, ki faɗa wa ungozoma, musamman in kin taɓa ɓari ko kina ganin jini.

Kai kuma ɗana, maigidanta, shawarar da ayar ta ambata da kai ake yin ta. Kai za ka zauna da Inna ka yi mata bayani cikin girmamawa, cewa ba a ƙi al'ada ba, jikanta zai zo mata, amma bayan ya saba da tuwo. Matarka ba za ta iya faɗa wa surukarta wannan ba, kai za ka iya. Kuɗin ƙwai da kifi a kanka suke ko da tana ɗaukar albashi. In yaro ya farka da dare a makonnin ragewa, ka ɗauke shi ka ba shi ruwa ka jijjiga shi, don a hannunta ƙamshin nono ba zai bar shi ya haƙura ba.

Bayan an gama, ɗiyata, ki sa masa ido wata uku. Ki riƙa kai shi awon nauyi, a auna damtsensa da tef ɗin awon nan mai launi uku. In ya faɗa ja, ko gashinsa ya fara ja yana laushi, ko kika danna bayan ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, kada ki jira ranar hutu, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki nemi izini a wurin aiki ki kai shi asibiti a ranar.