Shin Muna Jin Kunyar Allah, Ko Kuwa Muna Jin Kunya da Allah?

Duk wanda ya taɓa tafiya a motar haya daga Zariya zuwa Kano ya san abin da yakan faru idan La'asar ta yi. Direba yakan ratse gefen hanya, fasinjoji Musulmi su sauka, kowa ya nemi buta. Wanda bai sami tabarma ba ya shimfiɗa kwali. Attajiri da ɗan dako su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su kai goshi ƙasa, babu mai duban wa ke kallonsa. Mu kuwa mukan zauna cikin mota muna ƙunƙuni cewa ana ɓata mana lokaci. In aka kai mu wurin mai abinci, sai mu yi alamar gicciye da sauri, sai ka ce masu korar ƙuda, ko kuma mu bar ta gaba ɗaya. Mene ne ya same mu?

Ikilisiya ba ta hana mu koyon abin kirki daga maƙwabtanmu ba. A shekarar 1965, Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma ambaci yadda suke bauta wa Allah ta wurin salla, da sadaka, da azumi. Tun kafin wannan ma akwai waliyyai da suka bi ta wannan hanya. A shekarar 1219 Waliyyi Faransis na Asisi ya je wurin Sarkin Masar, Malik al-Kamil, ana tsakiyar yaƙi. Bayan ya komo gida, ya rubuta wa masu mulki yana roƙonsu su sa a riƙa yin shela kowace yamma domin jama'a su yabi Allah. Haka kuma Charles de Foucauld, Bafaranshen da ya yi watsi da bangaskiya tun yana saurayi. Ya zaga ƙasar Maroko a 1883 da 1884, ya ga mutanen da ba su mance da Allah a kasuwa ko a daji, abin ya taɓa zuciyarsa. Wannan bai raba shi da Yesu ba, sai ma ya kai shi gare shi. Ya tuba a 1886, daga baya ya zama Fada, ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset har aka kashe shi a 1916. Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyai a 2022.

Wani zai ce, ai Ubangijinmu da kansa, a cikin Matiyu sura 6, ya umurce mu mu yi addu'a a ɓoye, ya kuma tsauta wa masu yin ta a kan titi. Gaskiya ne. Amma a sura 5 ta wannan Bishara ya ce kada mu ɓoye haskenmu, a Markus sura 8 kuma ya gargaɗi duk mai jin kunyarsa a gaban mutane. Waɗannan maganganu ba su saɓa wa juna ba. Abin da ya hana shi ne riya, wato yin ibada domin a gani a yaba. Idan muka duba da kyau, mai riya da mai ɓoye bangaskiyarsa ciwonsu ɗaya ne: dukansu idon mutane suke tsoro. Wancan yana addu'a domin ana kallonsa, wannan ya fasa addu'a domin ana kallonsa. Annabi Daniyel, da aka kafa doka a hana shi addu'a, bai hau rufin ɗaki yana ihu ba, bai kuma rufe tagoginsa ba. Ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba.

A al'adarmu kunya ado ce, kuma wanda aka ce ba shi da kunya an gama zaginsa. Amma kunya tana da wurinta. Ɗan kirki yana jin kunyar mahaifinsa, wato yana ganin girmansa. Wanda kuwa ya ga mahaifinsa a kasuwa ya kau da kai don kada abokai su san nasa ne, wannan butulci ya yi.

Ba mu mance ba cewa akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a wuraren da bayyana gicciye zai iya jawo musu hatsari. Su ba mu ɗora musu laifi ba, gama Yesu ya koya mana wayo tare da tawali'u. Amma yawancinmu ba takobi muke gudu ba, dariyar abokin aiki ce kawai. Kada kuma mu mai da abin gasa, mu tayar da lasifika don mu danne ta maƙwabci, ko mu tare hanya don nuna yawanmu. Wannan ma riya ce, ta canja riga kawai.

To, daga ina za mu fara? Muna da abin da iyayenmu suka bar mana. Mu yi alamar gicciye a natse kafin cin abinci, ko a gida ko a tasha. Mu tsaya mu yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, ko da muna gona ko ofis. Ranar Larabar Toka kada mu goge goshinmu a ƙofar coci. Carbinmu na Rosari ya fito daga ƙasan akwati. Yaranmu suna kallonmu, kuma abin da suka ga muna ɓoyewa, za su ɗauka abin kunya ne.

Sa'ad da direba ya sāke tsayawa domin salla, maimakon ƙunƙuni, mu ma mu sunkuyar da kai mu yi tamu addu'ar, mu kuma roƙi Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali. Amin.